Kuɗin Cizo a Ɗakin da Ba Mai Kwana

Jiya da la'asar ina zaune a nan gindin darbejiya na ga ɗayanku ya shiga ɗaki da kwalbar fiya-fiya, ya yi fuu ta nan, fuu ta can, ya ja ƙofa ya fito yana kakkaɓe hannu, wai shi ya gama da kuɗin cizo. Na san ba da daɗewa ba zan gan shi yana susar wuya. Ku yaran yanzu kun ɗauka aikin nan feshi ne kawai, shi ya sa in na ce muku da shi na ci, da shi na yi sutura, sai ku haɗa ido kuna danne dariya. To ku gyara zama. Ni Kande tun ana murnar samun mulkin kai nake shiga ɗakunan mata, daga Hunkuyi har Paki, kuma ba hira ke kai ni ba, ƙarƙashin gado nake leƙawa.

Asalin sana'ar tawa daɓe ce da yaɓe. A lokacin siminti sai gidajen gwamnati da na manyan 'yan kasuwa, sauran mutane kuwa ɗaki ƙasa, bango ƙasa. In za a kawo amarya, ko mai jego za ta dawo daga wanka, sai a kira mu mu zuba tsakuwa, mu yayyafa makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, mu yi ta duka da madaɓi har daɓen ya yi sulɓi yana ɗaukar ido. Wajen ƙanwar mahaifina na koya, Gwaggo Marka ta Hunkuyi, gajeruwar mace mai faɗan tsiya, wadda har ta koma ga Allah ba ta taɓa buɗe baki ta ce na iya ba. Da yake mu ke toshe tsagar bango, mu ke ganin abin da ke kwance a cikinta. Ta haka aikin kuɗin cizo ya faɗo hannunmu, tunda namiji ba ya shiga ɗakin matar wani, mu kuwa ba a yi mana shamaki.

Aikin farko da ta kai ni ɗakin wata mai jego ne a bayan kasuwar Hunkuyi. Muna shiga na durƙusa zan ɗaga tabarma, sai na ji ranƙwashi a tsakar kaina. Ta ce in miƙe, in rufe ido, in shaƙi ɗakin. Na ji hayaƙi, na ji kunun kanwa, na ji fitsarin jariri, can ƙasa-ƙasa kuma wani ƙarni mai ɗan zaƙi-zaƙi kamar man gyaɗa da ya daɗe a kwalba. Ta ce wannan na ƙarshen su ne, in riƙe shi a hancina. Sai da ta tabbata na ji sannan ta bar ni na buɗe ido, ta nuna mini baƙin ɗigo-ɗigo a bakin karan gado kamar an yarfa tawada, ta ce kashinsu ke nan. Ta nuna mini saɓarsu, ɗan ɓawo mara nauyi da numfashi ma ke ɗauke shi. Ta nuna mini ƙwansu, farare ƙanana, manne a lungu, tsintsiya ba ta ɓamɓare su. A bango kuma, daidai inda kan mai jegon ke kwanciya, ga jirwayen jini ya bushe, inda ta riƙa murtsuke su da yatsa cikin barci.

Cizo ma sai da ta koya mini karanta shi. Sauro warwatse yake cizo, kuma ba ya zuwa sai da waƙa. Ƙuma ƙafa take bi. Ƙwarƙwata tana cikin kalmasar tufa. Shi kuwa kuɗin cizo a jere yake yi, ɗaya bayan ɗaya kamar an ja zare, a gefen jikin da ke taɓa shimfiɗa. Daga nan ta sa tsinke ta zaƙulo guda biyu ta ɗora mini a tafin hannu. Ɗaya ja ne, ya kumbura, ina murtsuke shi ya ɓata mini yatsa da jini. Ɗayan daga tsohuwar tabarmar da aka jingine a rumbu ta samo shi, ya fyaɗe kamar ƙaiƙayi, haske na ratsa shi, na murtsuke babu komai a ciki. Ta ce wannan ya daɗe bai ci ba, kuma yana iya yin watanni a haka bai mutu ba, yana jira. Ta ce in na ga irin na farko, to akwai mai kwana a wurin, ko me aka gaya mini.

Doka ɗaya ta kafa mini wadda ta fi duk sauran ƙarfi, ita ce riƙe baki. Mace ta gwammace a ce miyarta ba daɗi da a ce ɗakinta ya yi kuɗin cizo, don nan da nan za a sa mata sunan ƙazama, alhali ƙwaron nan bai san mai tsabta ba, bai san maras tsabta ba, jini kawai ya sani. Shi ya sa ba a kiran sunansa a tsakar gida. Mai ɗaki takan aiko ne ta ce daɓenta ya fashe. Mu ma in mun yi sallama sai mu ce daɓe muka zo dubawa. Abin da kika gani a ɗaki kuwa, inji Gwaggo, a bakin ƙofa za ki karkaɗe shi tare da ƙurar zaninki.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ranarsa. Akwai manyan tukwane biyu na tafasa ruwa, da ludayi mai dogon hannu, da tsinken ƙarfe na ƙwaƙule tsaga, da toka, da damin ciyawa da muke kunnawa mu bi bango da shi, ido ɗaya a tsaga ido ɗaya a jinka, don gidan mutane ba wurin ganganci ba ne. Da farko sai a kwashe komai a fitar, har jeren ƙwarya da tasoshi, a baza a rana mai zafi. A kwarara wa tabarmi da gado tafasasshen ruwa, ba mai ɗumi ba, wanda yake tsalle a tukunya. A ƙwaƙule kowace tsaga, a bi ta da wuta, a cike ta da sabuwar ƙasa da aka kwaɓa da toka, a yaɓe bangon, sannan a zo kan daɓe. Bayan kasuwa biyu kuma dole a koma a duba, don ƙwan da ya kuɓuce ya ƙyanƙyashe. Wannan komawar ita ce rabin aikin, ita ce kuma ba ku da haƙurinta.

Gadon ƙarfe na farko da na taɓa na wata matar malamin makaranta ne a Ikara, Kirista ce daga kudancin Zariya, ana ce mata Maman Yohanna. Ita ba ruwanta da wani daɓe ya fashe. Tun daga bakin ƙofa ta ɗaga murya ta ce kuɗin cizo sun hana ta barci, ni ce ma kunya ta kama ina waige-waige. Ta jawo gadon har ƙofar gida kowa na gani. Na duba sama na duba ƙasa ban ga maɓoyarsu ba, sai da na kifa shi na ga ashe ƙafafun rami ne. Da gashin kaza na riƙa tsoma kananzir ina bin kowace mahaɗa, ita kuma ta samo gwangwanaye muka zuba kananzir muka tsoma ƙafafun a ciki. Da na gama ta cika mini ƙwarya da acca, abin da ban taɓa dafawa ba, ta tsaya ta koya mini yadda ake yi.

Shekarun yaƙi su suka karya mu. Samari suka yi ta tafiya soja, wasu da izinin iyaye, wasu daga kasuwa suka wuce. Aure ya yi ƙaranci, sabon ɗaki ya yi ƙaranci, madaɓina ya yi ta rataye har gizo-gizo ya yi masa saƙa. Kananzir ya yi wuya. Su kuwa kuɗin cizo ba abin da ya rage su, sai ma ƙaruwa, don duk wanda ya zo hutu da jakarsa yakan bar wa gida tsaraba. A cikin shekarun ne Gwaggo Marka ta rasu, ni kuma aure ya riga ya kai ni Paki, na zama ni kaɗai da tukwanena. A nan na yi aikin da ya fi kowanne tsaya mini a rai.

Wata yarinya ce mai suna Hanne ta aiko wai daɓenta ya fashe. Tana zaune ne da surukarta, Iya Dije, tsohuwar da mijinta ya daɗe da rasuwa, tana kaɗin auduga tana ɗan noma bayan gida. Mijin Hanne, Isiyaku, shi ne ɗan farin Iya Dije, shi kaɗai ne kuma namijin da ya rayu mata. Dogo ne sosai, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Ya tafi Zariya sayar da gyaɗa da abokansa, daga can ya shiga soja, ya bar Hanne da ciki. Da fari akan samu saƙon baki daga masu zuwa hutu, daga baya shiru.

Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Iya Dije kuwa ta kai kunyar nan maƙura. An ce ranar da labarin shigarsa soja ya zo tankaɗe take yi, ko ɗaga kai ba ta yi ba. In an tambaye ta ko an ji wani abu, sai ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da kaɗinta. In dole ta kama ta ambace shi sai ta ce "wancan". Matan unguwa har gulma suke yi wai zuciyarta dutse ce. Ita ma Hanne ba ta kiran sunan miji, sai dai ta ce "shi". Don haka gida guda, mutum ya tafi, babu bakin da ke faɗar sunansa. Duk son da Iya Dije ta danne sai ta juye shi a kan jikanta Ɗanlami, ɗan da Hanne ta haifa bayan tafiyar uban. Angona take ce masa, ta yi ta zolayarsa wai ya kasa kawo cefane.

Na yi wa ɗakin Hanne aiki yadda aka koya mini, ban rage komai ba. Da na koma dubawa na tarar sun dawo. Na sake kwashe kaya, na sake tafasa ruwa, na sake bin bango da wuta. Suka sake dawowa. Ɗanlami a lokacin yana rarrafe, kuma fatar yaro ba ta manya ba ce. Cizon ya zama ƙuraje, susa ta mai da ƙurajen miki, ƙuda na bin sa, kuka ya hana shi kama nono sosai. Ana cikin haka uwar Hanne ta zo daga Likoro, ta ɗaga rigar yaron ta gani. A tsakar gida ta faɗa, ba a ɓoye ba, cewa in ta sake zuwa bayan girbi ta tarar da shi a haka, za ta tafi da 'yarta da jikanta, tunda ba miji kuma ba lafiya. Ban ga laifinta ba. Ita kuwa Iya Dije, na ga zaren da take kaɗi ya tsinke, ta daɗe tana neman bakinsa.

Zuwana na uku ban taɓa tukunya ba. Na hau turmi na bi bangon da ido tun daga ƙasa har inda ya haɗu da jinka. A can sama na ga ɗigon tawadar nan ya yi hanya, ya bi ta wata 'yar kafa ya faɗa ɗakin da ke jingine da na Hanne. Na tambaye ta ɗakin wa ne. Ta ce nasa ne, tun na samartaka, bayan aure ma a nan yake ajiye kayansa yana hutawa. Tun da ya tafi yake kulle da kwaɗo, mabuɗin yana ɗaure a bakin zanin Iya.

Na je na durƙusa na gaishe ta, na ce ina son in leƙa ɗakin.

"Ɗakin da ba mai kwana, 'yar nan, me za ki gani a ciki?" Haka ta ce, idonta a kan mazari.

Na ce ko ba komai zan cire shakka. Ta ce in je, rana ta yi. Na tashi na kwashi kayana, kukan Ɗanlami na biye da ni har zaure.

Ba a daɗe ba Iya Dije ta aiko mini, ranar da Hanne ta goyi yaron suka tafi suna a wata unguwa. Da hantsi ne, gidan tsit. Ta kwance mabuɗin ta buɗe, kwaɗon ko gardama bai yi ba, kamar wanda aka saba buɗewa. Ina sa ƙafa hancina ya gaya mini. Ɗakin a share yake tas, babu yanar gizo a bakin ƙofa, babu ƙura a kan buzu. Ga galmarsa a rataye. Ga gadon kara a jikin bango, wanda shi ya ɗaura abinsa da hannunsa, ya fi kowane gadon kara da na taɓa gani tsawo, da tabarma da matashin kai guda.

Na ɗaga tabarmar, na sa tsinke a bakin kara. Suka ɓullo, jajaye, kumburarru, har ba sa iya gudu. Na murtsuke ɗaya. Jini ne ɗanye, na jiya ko na shekaranjiya. Na tsaya ina kallon yatsana, ita ma tana kallonsa. Sai na ɗaga kai na dubi damtsenta inda mayafi ya zame, na ga cizo a jere tun daga kafaɗa har gwiwar hannu, sabo a kan tsoho. Ta ja mayafin ta rufe. 

Can ta ce, tana fuskantar bango, "Da rana ne, in yarinyar nan ta tafi rijiya. Ba barci nake yi ba, kishingiɗa ce. Na ga kamar in sun ƙoshi da ni ba za su tsallaka wajen yaron ba."

Na san ba wannan ne ya fara kawo ta ɗakin ba, ita ma ta san na sani. Amma amsar da ke bakina ba mai daɗi ba ce, kuma dole in faɗe ta. Na ce, "Iya, in sun ƙoshi ne suke yin ƙwai. Da ba mai shigowa, da yanzu sun bushe, kaɗan ne za su rage. 'Ya'yansu ne ke tsallakawa."

Ta zauna a bakin gadon. Ban taɓa faɗa wa mutum maganar da ta yi mini ciwo irin wannan ba. Ta ɗauki matashin ta ɗora a cinya tana shafawa, ta ce ƙanshin kansa bai gama fita ba.

Ta tambaye ni ko ruwan zafi ba zai isa ba. Na danna kara ɗaya da yatsa, ya burme, na ɓare mata ta gani, cikinsa duk ƙwai ne har inda ruwa ba zai kai ba. Gadon kara in yana sabo akan cece shi, in ya tsufa sai wuta. Matsalar kuwa, a ƙauyukanmu ba a ɗauko gadon namiji ɗungurungum a fitar tsakar gida sai ya mutu. Duk wanda ya hango ta saman danga zai ce labari ya zo, kafin azahar mata sun cika gidan da gaisuwa. Ita kuwa ba wanda ya ce mata ɗanta ya mutu. Ta ce in tafi, za ta yi tunani. Na bar ta a zaune da matashin.

Washegari da safe ina hura wuta sai ga sallamarta, ita da ba ta taɓa tako gidana ba. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce in zo da tukwanena, amma kada in nemi itace, akwai makamashi.

Da na isa na tarar ta shiga ɗakin da wuƙa. Ita da kanta ta riƙa yanke igiyar ramar da aka ɗaure gadon da ita, ƙulli bayan ƙulli, ba ta bar ni na taya ta ba. Ni nawa in naɗe karan a cikin tsohon zani da na jiƙa, don kada ƙwarin su zube a hanya, in kai bakin murhu. Ba wanda zai ce gado ne ya fita, kara ne kawai irin na kowane gida. Ta zauna a gaban tukwanen tana turawa ɗaya bayan ɗaya. Kara ba ya daɗewa a wuta, sai ƙara da tartsatsi, ga ƙaurin ƙwarin yana tashi. Wata maƙwabciya ta leƙo ta saman danga ta ce, "Iya, yau me ake dafawa haka?" Ta ce daɓe ake yi. Hanne ta fito da Ɗanlami a baya za ta taya mu, idonta ya faɗa kan guntun igiyar da ke ƙasa, ta gane tufkar mijinta. Ta tsuguna ta ɗauki guda ta koma ɗaki, ba mu sake ganinta ba sai la'asar.

Da wutar gadon aka tafasa ruwan da na wanke ɗakin. Saura matashi. Na ce mata wannan ba sai an ƙone shi ba, dafa shi kawai za a yi a shanya. Ta ce, "Duk ɗaya ne." Ta riƙe shi jim kaɗan, sannan ta tsoma shi a tukunya da hannunta, ta sa muciya ta danna har ya nutse.

Na ƙwaƙule tsagogi, na bi su da wuta, na toshe kafar nan ta sama, na yaɓe, na zuba tsakuwa na yi daɓe. Ni kaɗai na yi dukan, ba waƙa, alhali kuwa daɓe da waƙa ake yi. Da na gama ɗakin ya zama fayau, ba abin da ake ji sai ƙanshin makuba da ɗanyar ƙasa. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta shaƙa, na ga tana neman wani abu da hancinta, ba ta samu ba. Ina ɗaure tukwanena ta kira ni a hankali.

"Kande, ke ba ki da kunyarsa. Faɗi sunansa in ji."

Na ce, "Isiyaku."

Ta ce in ƙara. Na ƙara. Ta gyaɗa kai, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta juya ta ɗauki tsintsiya ta fara share tokar murhu.

Bayan kasuwa biyu na koma, ɗakunan biyu ba komai. Mikin Ɗanlami ya kame, ya fara ƙiba. Uwar Hanne ta zo bayan girbi, ta ɗaga rigarsa ta duba, ta kwana ta koma Likoro ita kaɗai. Yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo da ƙafarsu, wasu aka kawo labarinsu aka yi musu addu'a. Isiyaku bai dawo ba, labarinsa ma bai zo ba. Da shekaru suka ja manya suka raba auren, Hanne ta yi wani a Makarfi, amma ta bar wa Iya Dije Ɗanlami, a hannunta ya girma. Wannan maganar ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau da duk suka kwanta dama, kuma na faɗa ne don ku san ba ƙwaro kaɗai ake tararwa a ƙarƙashin tabarma ba.

Tun daga shekarar, duk kaka sai Iya Dije ta aiko wai daɓenta ya fashe. In na je sai ta kwance mabuɗi ta buɗe mini ɗakin, in shiga in shaƙa, in bi bango da ido, in fito in ce lafiya lau. Daɓen ba inda ya fashe, ni na yi shi. Sai ta shimfiɗa mini tabarma mu gaisa, in tambaye ta gajiya, in tambaye ta angon nata, daga ƙarshe in ce, "Iya, ina labarin Isiyaku?" Sai ta ce, "Sai alheri." Haka muka yi ta yi har shekarar da aiken bai zo ba. A duk zuwan nan ko ɗigo ɗaya ban ƙara gani a ɗakin ba, don tun ranar ba ta sake kwanciya a ciki ba.